Daga Togo Telecom Zuwa Yas: Yadda Aka Yi Jinyar Kamfanin Wayar Togo

Iyayena makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, na Sokode da Dapaong da Cinkassé, da ku da kuke kama mu daga ƙetare, a Burkina da Gana da Benin. Wannan shi ne abin da muka tattauna a filinmu na tarihi. Mun zuba shi a takarda saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji da dabbobi, ko yana bayan mota a kan hanya. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tun watan Nuwamban 2024, da sunan Togocom ya sauka daga allunan shaguna, sunan Yas ya hau, tambaya iri ɗaya kuke ta aiko mana: an sake sayar da kamfanin ne? Kuɗin da ke cikin TMoney fa, ina suka kwana? Gajeriyar amsa ita ce, a wannan karon suna aka canza. Masu kamfanin suna nan, TMoney kuma shi ne ya koma Mixx by Yas. Amma tambayar ta tuna mini cewa da yawa daga cikinmu muna zuba kuɗinmu kullum a wannan kamfani ba tare da mun san inda ya fito ba, ko ciwon da ya yi, ko wanda ya yi masa magani. To yau ga tarihin.

Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne wannan. Kamfanin da ya kwanta, tukunyarsa a kan duwatsu uku take komawa ta dahu: mai kuɗin da zai zuba jari ya kuma iya aikin, da hukumar da take riƙe da bulala, da masu saye waɗanda in an ɓata musu suna da wurin zuwa. Dutse na uku ku ne.

Kafin a san waya

Ku kun fi ni sanin cewa labari shi ne rabin jarin ɗan kasuwa. Tun zamanin da fatake suke tasowa daga Kano da Katsina su nufi Salaga a ƙasar Gwanja neman goro, hanyoyinsu suna ratsa wannan ƙasa tamu. Wata ta bi ta Djougou ta shigo ƙasar Kotokoli, wata ta bi ta Mango. Sunan Sansanné-Mango ma kansa, ku saurare shi da kyau za ku ji kalmarmu ta sansani a ciki. Unguwar Didaure ta Sokode kuwa asalinta mazaunin baƙi 'yan kasuwa musulmi ce. A wancan lokaci, in kana son sanin kuɗin goro a gaba, sai ka tambayi ayarin da ya dawo. Labarin da zai ba ka ya yi makonni a hanya, ko ya tsufa ko bai tsufa ba haka za ka yi ciniki da shi.

Turawa ma sun san darajar labari. Jamusawa sun gina babbar tashar sadarwa a Kamina, kusa da Atakpamé, wadda take magana kai tsaye da ƙasarsu. Da yaƙin duniya na farko ya tashi a watan Agustan 1914, ita Ingilishi da Faransawa suka nufa, Jamusawan kuma suka rusa ta da hannunsu kafin su miƙa wuya. Bayan haka, a zamanin Faransa da bayan samun 'yancin kai a 1960, waya ta zama abin gidan waya da ofisoshin gwamnati da manyan kantuna. Talaka sai dai wasiƙa, ko ya ba direba saƙon baka a tasha.

Uwa da 'yarta

A 1996 gwamnati ta raba tsohon ofishin wasiƙu da sadarwa, wanda ake kira OPTT, gida biyu. Ɓangaren wasiƙu ya kama gabansa, ɓangaren waya ya zama Togo Telecom. A 1998 Togo Telecom ta haifi 'ya, wato Togo Cellulaire, wadda kowa ya sani da Togocel, don ta riƙe harkar salula. Dattawan cikinku za su tuna da lokacin kabin, inda mutum zai bi layi ya biya kuɗin minti, yana magana idonsa a kan agogo.

Togocel ba ta daɗe ita kaɗai a fili ba. Telecel ta shigo, daga baya ta koma Moov. Moov ɗin ta zauna a hannun Etisalat ta Daular Larabawa, sannan a 2015 ta koma hannun Maroc Telecom ta Maroko. A 2009 hukuma ta taɓa dakatar da ita na tsawon watanni saboda saɓani a kan kuɗin lasisi, masu layinta suka wayi gari waya ta zama dutse a aljihu. Wanda ya ga wannan lokaci ya san abin da ake nufi da kasuwa mai shago ɗaya.

Salula ta yi wa mutanenmu abin da ayari bai taɓa yi ba. Dillali a kasuwar shanu ta Koundjoaré ko ta Cinkassé yana iya jin yadda kasuwa ta kwana a Adétikopé, bakin Lomé, kafin ya loda ko da saniya guda. Makiyayi yana iya tambayar inda ruwa ya sauka kafin ya kaɗa garke. Mai albasa ko mai hatsi yana iya sanin ko an buɗe iyaka kafin ya biya kuɗin mota. Amma daidai lokacin da salula take ɗaga mu, ita uwar, Togo Telecom, ƙasa take yi.

Mene ne ciwon?

Ciwo na farko, sana'arta ce ta mutu a hannunta. Togo Telecom an gina ta ne a kan wayar tebur mai igiya. Da salula ta zo, wa zai jira a ja masa igiya zuwa gida? Ta gwada wayar Illico marar igiya, ta gwada intanet na Helim, amma kasuwar ta riga ta koma aljihun mutane. Sai ya zama 'yar ce take da nono, uwar kuma ga ma'aikata, ga gine-gine, ga bashi.

Ciwo na biyu, wannan sana'a ba ta barin mai ita ya huta. Saniya in ka saye ta tana haihuwa, garke yana ƙaruwa. Na'urar sadarwa kuwa tun ranar da aka kafa ta take tsufa. Ka gama biyan kuɗin 2G a ce 3G ta fito, ka shiga 3G a ce sai 4G. Kowane ƙarfen eriya da kuke gani a bakin hanya yana cin wuta dare da rana. Inda babu wutar gari sai inji da gazuwal da batura, ko faifan hasken rana, da mai gadi, da mai gyara da zai taso daga nesa. Daga Lomé zuwa Sokode kimanin kilomita 340 ne, zuwa Cinkassé kuwa ya haura 600. Kamfanin da kuɗinsa ya yi ƙasa, wurin da ya fi nisa shi yake fara mantawa da shi, kuma mu ne a wurin.

Ciwo na uku shi ne wanda aka san kamfanonin gwamnati da shi a ƙasashenmu duka: dukiyar kowa, ba mai kwana da ita a rai. Ana naɗa shugabanni daga sama, ana jinkirin yanke shawara, kuɗin da ya kamata a mayar cikin aiki sai a ja shi zuwa wata buƙata. A 2012 igiyar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna WACS ta fara aiki, Togo Telecom kuma tana cikin masu ita, amma shekaru bayan haka jama'a ba su daina kukan tsada da rashin sauri ba. A 2017 gwamnati ta ba wasu kamfanoni biyu, Teolis da GVA, lasisin sayar da intanet, wato an ƙara wa Togo Telecom kishiyoyi a harkar intanet. A ɓangaren salula ma Moov ta matso ƙwarai.

Akwai kuma ciwon amana. Mutanen Sokode ba su manta da 19 ga Agustan 2017 ba, ranar da zanga-zanga ta ɓarke, har aka yi asarar rayuka. A watan Satumba na wannan shekara aka yanke intanet a ƙasar na kwanaki. A watan Yunin 2020 kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa yankewar ta saɓa wa haƙƙin jama'a na faɗin albarkacin baki. Umarnin na gwamnati ne, amma ɗan kasuwar da cinikinsa ya tsaya, abin da ya koya shi ne layin da ya dogara da shi ana iya rufe shi dare ɗaya.

Abin da ya faru da maƙwabta

Kafin mu zo kan maganin da Togo ta zaɓa, mu leƙa gidajen maƙwabta, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Najeriya akwai NITEL, wadda a da ita ce waya, waya ita ce. Da aka ba MTN da Econet lasisin salula a 2001, sai ta fara tangaɗi. A 2003 aka damƙa ta ga wani kamfanin Holan mai suna Pentascope ya tafiyar da ita, a 2005 aka soke yarjejeniyar. A 2006 aka sayar wa Transcorp, a 2009 gwamnati ta karɓe abinta. Daga ƙarshe sai kadarorinta aka sayar wa NATCOM a kan dala miliyan 252, wanda ya fito da layin ntel a 2016, lokacin da kasuwa ta daɗe da watsewa. Yau ku tambayi yaro a Kano ko Katsina mece ce NITEL, sai dai ya nuna muku tsohon gini.

A Nijar an sayar da Sonitel a 2001 ga haɗin gwiwar 'yan Sin da 'yan Libiya, abin bai yi daɗi ba, gwamnati ta dawo da ita hannunta. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom. A Burkina, Maroc Telecom ta sayi kashi 51 cikin ɗari na Onatel a ƙarshen 2006. A Gana, Vodafone ta sayi kashi 70 cikin ɗari na Ghana Telecom a 2008 a kan dala miliyan 900, a 2023 kuma Telecel ta karɓa daga hannunta.

Darasin a bayyane yake. Sayarwa kaɗai ba ta warkar da kamfani. Wanda aka sayar wa, ya san aikin? Yana da kuɗin zubawa, ko ya zo tatsa ne? Kuma an sayar da wuri, ko sai da dabbar ta kasa tashi aka nemo mahauci?

Jinyar Togocom

Mataki na farko shi ne haɗa uwa da 'ya a gida ɗaya. A 2017, a ƙarƙashin ministar sadarwa Cina Lawson, wadda take riƙe da wannan ma'aikata tun 2010, gwamnati ta kafa Togocom don ta tattara Togo Telecom da Togocel. Hikimar ita ce, mai igiya da mai eriya aikinsu ɗaya ne, domin kiran da kuka yi daga Dapaong, eriya ce take ɗaukarsa, amma igiyar da aka binne a gefen babbar hanya ce take kai shi Lomé. Ba dalilin a riƙe ofis biyu da shugabanni biyu a kan aiki guda. A 2018 aka ba Togocel da Moov lasisin 4G.

Mataki na biyu shi ne neman mai kuɗi. A watan Nuwamban 2019 gwamnati ta sayar da kashi 51 cikin ɗari na Togocom ga Agou Holding, ta riƙe 49. Agou sunan dutsen nan ne mafi tsawo a Togo, amma masu kamfanin baƙi ne su biyu. Ɗaya Axian, ta ƙasar Madagaska, wadda Hassanein Hiridjee yake jagoranta. Ɗaya kuma ECP, kamfanin zuba jari na Amurka, wanda a lokacin yake da babban hannu a gidan da ya mallaki Orabank. An ƙiyasta darajar Togocom gaba ɗaya a kan sama da miliyar 210 na sefa, miliyar ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan.

Me ake nufi da 51 da 49? Ku ɗauka garke ne na shanu ɗari tsakanin mutum biyu. Mai 51 shi yake cewa yau gabas za a yi ko yamma, shi yake zaɓen wanda zai riƙe sanda. Mai 49 yana da rabonsa a nono da 'yan maruƙa, yana da bakin magana, amma in an yi gardama maganar mai 51 ce take tsayawa. Da yawa sun ji zafin wannan ciniki, suna ganin an miƙa wa baƙo dukiyar ƙasa, kuma damuwarsu tana da tushe, domin layin waya yau kamar hanya yake ko rijiya.

Abin da ya sa aka zaɓi Axian shi ne ta taɓa yin irin wannan jinya a gida. Telma, kamfanin wayar gwamnatin Madagaska, an sayar da shi a 2004, mutanen Hiridjee suka tashe shi, a 2010 suka fito da MVola, irin TMoney ɗinsu na can. Wato an nemo wanda ya taɓa ɗora karaya. Sababbin masu kamfanin sun kuma yi alkawarin zuba Yuro miliyan 245, kimanin miliyar 160 na sefa, cikin shekara bakwai. Don ku ji nauyin kuɗin, a ce bijimi guda sefa 400,000 ne, to kuɗin bijimai 400,000 ke nan. Ku riƙe wannan alkawari, za mu dawo kansa.

Aka kawo Paulin Alazard daga gidan Axian ya zama babban darakta, daga baya Pierre-Antoine Legagneur ya gaje shi. Wanda aka damƙa wa kamfani irin wannan, aikinsa ya yi kama da na wanda aka ba amanar garken da ya rame. Sai ya fara ƙirga abin da ke akwai da bashin da ke kai. Sai ya toshe inda kuɗi yake zuba. Sai ya zaɓi abin da zai fara kashe wa kuɗi, domin ba za a gyara komai rana ɗaya ba, kuma duk abin da ya sa a gaba, wani ya koma baya. Sai ya shawo kan ma'aikatan da suka saba da tafiyar gwamnati, waɗanda suke tsoron sabon mai gida zai rage su. Sai kuma ya nuna wa jama'a wani abu da ido zai gani da wuri, don a yarda cewa canji ya zo.

Abin da aka zaɓa a nuna shi ne 5G. A watan Nuwamban 2020, shekara guda da cinikin, Togocom ta buɗe 5G a Lomé, ta zama ta farko a Afirka ta Yamma. Kamfanin da ya kawo na'urorin kun san shi sarai: Nokia, mai 'yar wayar nan mai tocila da caji yake kwana uku. Ita ma Nokia ta yi nata ciwon. Wayoyin shafawa suka kashe mata kasuwa, a 2014 ta miƙa wa Microsoft ɓangaren wayoyinta, ta koma ƙera na'urorin da suke cikin eriya, ta rayu a can. Wani lokaci maganin kamfani shi ne ya saki abin da aka san shi da shi.

Gwajin da ba a shirya masa ba

Watanni kaɗan bayan cinikin, cutar korona ta shigo. A watan Afrilun 2020 gwamnati ta fito da shirin Novissi, na tura wa masu ƙananan sana'o'i tallafi ta waya. Mutum zai danna *855#, ya sa lambar katin zaɓensa, kuɗi ya shigo masa ta TMoney ko Flooz. Mata suna samun sefa 12,250 a wata, maza 10,500. An fara da Lomé da kewaye, sai Tchaoudjo, wato Sokode, da dokar hana fita ta iso can. A farkon 2021 aka kai shi yankin Savanes.

A nan aka ga cewa layin waya ya wuce abin gaisuwa, ya zama aljihu. Flooz ta fara a 2013, TMoney a 2016, amma korona ce ta sa tsofaffi da matan karkara da yawa suka fara karɓar kuɗi ta waya. A nan kuma aka ga waɗanda ake bari a baya: wanda ba shi da katin zaɓe, da wanda yake zaune inda babu rezo, da wanda sai ya yi tafiyar rabin yini kafin ya sami mai cire kuɗi. Ba sai na gaya muku su wane ne suka fi yawa a cikin waɗannan ba.

Mai bulala

Yanzu ga dutse na biyu. A 2020 sabuwar hukumar kula da sadarwa, ARCEP, ta kama aiki a madadin tsohuwar ART&P, aka naɗa Michel Yaovi Galley ya shugabance ta. Ba ta ɓata lokaci ba.

Kun tuna lokacin da kiran layin da ba irin naka ba ya fi tsada, har kowa yana yawo da waya mai sim biyu? ARCEP ta ce a daina wannan bambanci. A watan Fabrairun 2021 ta ci Togocel tarar sama da miliyar 1 saboda ci gaba da yin sa. A wannan shekarar ta ci Moov tarar kusan miliyan 600 saboda yankewar rezo. A watan Yunin 2022 ta sake cin Togocel tarar sama da miliyar 2, kashi 2 cikin ɗari na cinikinta na shekara, saboda ta kasa tabbatar da cewa layi yana aiki ba yankewa.

Ku duba wannan da kyau. Kamfanin da ya riga kowa buɗe 5G a Afirka ta Yamma, bayan shekara ɗaya da rabi shi ne aka ci tara a kan rezo da yake ɗaukewa. Kuma gwamnatin da take da kashi 49 a cikinsa, hukumarta ce ta ci shi tarar. Sabon mai gida yakan fara da inda riba take da kauri, wato birni. Abin da yake juyo da fuskarsa wajen ƙauye shi ne sharaɗin da aka rubuta masa a lasisi, da sanin cewa akwai mai dubawa. A zamanin da gwamnati ce mai kamfani, ita ce kuma mai sa ido, wa zai kai ƙarar wa?

Dutse na uku

A 2024 aka fara tsarin da zai ba mutum dama ya bar kamfani ya koma wani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kasuwa, wanda lambarsa ita ce shagonsa, abokan cinikinsa daga Bawku har Djougou da ita suka san shi. A da tsoron rasa lamba yana ɗaure mutum. Yanzu igiyar ta sassauta.

Ga ku masu ƙetare iyaka kuma, daga 1 ga Janairun 2024 Togo da Benin suka fara aiki da yarjejeniyar da ta sa mai layin Togo in ya shiga Benin yana amsa kira kyauta har kwana 30, yana kuma kira da kuɗin 'yan gida. An yi irinta da Gana a cikin shekarar. Tun 2017 CEDEAO ta amince da wannan tsari, sai da aka yi shekaru kafin ya sauko daga takarda.

To, ya warke ko bai warke ba?

Kamfanin da ake tsoron zai bi sawun NITEL yana nan da ransa, yana gogayya, har ya shiga babban gida mai suna ɗaya da 'yan'uwansa na Madagaska da Senegal da Tanzaniya da Komoros. Wannan nasara ce, ba a raina ta. Ƙasar ma ta ƙara hanyoyi, domin a watan Maris na 2022 igiyar Equiano ta Google ta sauka a Lomé, wuri na farko da ta taɓa a nahiyar Afirka.

Amma mu nan arewa da mudunmu muke awo. Tun harin Kpékpakandi na watan Mayun 2022, da dokar ta-ɓaci da aka sa a yankin Savanes a watan Yuni na wannan shekara, rezo a wajenmu ya zama maganar rai. Makiyayin da aka kora wa shanu da dare, mace mai naƙuda a ƙauyen Kpendjal, direban da motarsa ta mutu tsakanin Mango da Dapaong, ba wanda yake tambayar 5G a cikinsu. Kira ɗaya suke so ya shiga. Ranar da mutumin daji ya daina hawa tudu ko bishiya yana ɗaga waya sama, ranar za mu ce an sallami majinyaci daga asibiti.

Alkawarin miliyar 160 na shekara bakwai ne, kuma in kun ƙirga daga ƙarshen 2019, wa'adin yana kaiwa ƙarshen 2026. Haƙƙinku ne ku tambayi nawa ne ya hau arewa a ciki. Ku tambayi 'yan majalisarku da magadan garuruwanku, mu ma za mu tambaya a nan gidan rediyo.

Kafin nan, ga abin da yake hannunku. Ku yi rajistar sim da sunanku da takardarku, kada ku ajiye kuɗin shanu a layin da yake da sunan wani. Lambar sirrinku kada ku ba kowa, ko da ya kira ya ce daga kamfani yake. In rezo ya ɗauke a garinku, ku sa yaro ya rubuta ranar da tsawon lokacin, ku haɗu da sarkin kasuwa ko arɗo ku kai kuka a ƙungiyance, ga kamfanin da fari, in ba a ji ba ga ARCEP. Kukan mutum ɗaya iska take kwashewa, na kasuwa guda kuwa da kwanan wata a rubuce yana shiga fayil. In kuma wani layi ya fi yi muku aiki a inda kuke kiwo ko ciniki, ku koma can da lambarku, ba kunya a ciki.

Mai tambaya ko gyara, musamman dattawan da suka ga zamanin kabin da idonsu, ƙofar filin nan a buɗe take. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.